Ruɓaɓɓiyar Albasar da Na Ɓoye wa Injinki

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Tambuwal, zuwa ga ɗiyata Hauwa'u Kulu, Uwata ta kaina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya kai ki Zariya lafiya, ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutanen daji, ya sa direbanku mai tsoron Allah ne ba mai gudun banza ba. Na sa mahaifiyarki ta tura wagga takarda can ƙasan jakarki, ƙarƙashin ledar ƙuli-ƙuli, don na san sai yunwa ta taɓa ki za ki kai hannu wurin. Lokacin nan kun yi nisan da ba za ki iya ce wa direba ya juyo ba, ni kuma ba zan ga fuskarki ba. Haka nika so.

Kin san ubanki. Mahaifina ya rasu a Sanyinna bai bar mini ko fartanya mai ƙota ba. A aji uku na sakandare na ajiye biro, ba don kaina ba ya ja ba, sai don babu mai ci da ni. Na yi dako a tashar garin nan har gashin tsakiyar kaina ya ƙare. Gyaran injin ban-ruwa da ido na koye shi, ba wanda ya riƙe hannuna. Na hau saman buhunan albasa a bayan babbar mota na tafi Kudu ban san ko sannu da yarensu ba, na sayar, na dawo da riba. Na buɗe shagon taki da iri tun layin nan yana fili. Na gina gidan da aka haife ki. Na kai mahaifiyata Makka, wadda kika ci sunanta, kafin in kai kaina. Na haƙa rijiyar da unguwarmu ke sha. Na kai ki jami'a ana ce mini ɓarna ce. Ban ci gado ba, ban riƙe jakar ɗan siyasa ba, kuma babu mahalukin da zai tsaya a kasuwa ya ce shi ya yi Arzika.

Na jera miki waɗannan ne don in samu abin jingina, domin abin da ke biye ba shi da daɗin faɗi, kuma ban saba ba.

Mahaifiyarki ta gaya mini in kin isa za ki je ki canza fannin karatunki na digiri na biyu. Wai kin ce kin bar aikin koya wa kwamfuta hasashe har abada, tunda hannunki ya ruɓar da albasar mutanen Fakku. Ta ce tun da kika dawo kike zaune gaban kwamfuta kina bin aikinki layi-layi, kina neman inda kika kuskure, ba ki samu ba, kuma rashin samun ya fi komai cin ranki. Uwata, ba za ki samu ba. Kin bincike komai ban da ni, don ba a haifi ɗiyar kirkin da za ta fara zargin ubanta ba. Kuskuren ba ya cikin kwamfutarki. Yana zaune a shago bisa kujera da babbar riga, shi ne ma ya rubuto miki wagga takarda. Ki karanta har ƙarshe kafin ki doshi ofishin canjin nan.

Zan fara daga ranar da kika zo da maganar. Kin gama jami'a kina jiran kiran bautar ƙasa, kika same ni ina mita kan abin da ke cin manoman albasa kowace shekara. In an cire ta a bazara arha take kamar ƙasa. In mutum ya ɗora ta a rudu, gadon karan da ake ajiyarta, ya lulluɓe ya jira tsada, ko dai ya yi arziki, ko damina ta ruɓar da ita ya tashi da wari. Kika ce kwamfuta na iya koyon wadda za ta jure ajiya da wadda ba za ta jure ba. Kika durƙusa a tsakar gida kina yi mini zane a ƙasa da tsinke. Kin ce akwai wani tarin kayan aiki da masana suka riga suka haɗa suka ajiye, kowa na iya ɗauka, kuna kiransa laburare. In aka ba shi labarin albasar baya, wane iri ce, a wace ƙasa aka dasa ta, taki nawa ta sha, yaushe aka yanke mata ruwa, sannan ta ruɓe ko ta kai, shi da kansa zai tayar da ɗalibai masu yawa a cikin kwamfutar, ya koya musu, ya yi musu jarrabawa, ya kori daƙiƙai ya riƙe zakaran. Zakaran nan shi zai riƙa duba sabuwar albasa ya ce a ajiye ko a sayar. Kuma duk sanda sabon labari ya shigo zai sake karatun da kansa, ba sai an tashe shi ba.

Sai kika ƙara wata magana, har kika maimaita ta. Kin ce ba shi da ido, ba shi da hanci, abin da aka gaya masa kaɗai ya sani. Kika tambaye ni ko na gane. Na ce na gane tun kafin ki rufe baki. Ƙarya ne. Abin da ya shiga kunnena kawai shi ne inji zai yi aiki ba mai tsaro, kuma sunana zai fita a wayoyin mutane. Sauran ya bi ta bayan kunne. Tun ina yaro bakina bai iya cewa “ban gane ba”. Ɗan dako in ya ce bai gane ba, wani ake miƙa wa kayan. Halin ya yi mini rana a tasha, ya zo ya kayar da ni a cikin gidana. Ke kada ki gaje shi. Inda za ki akwai waɗanda suka fi ki sani. In malami ya yi bayani bai shiga ba, ki ce a sake. Wannan kunya ce da ke wucewa kafin a tashi daga aji. Tawa ga ta nan har yau tana bina masallaci.

Daga nan kika ce in ba ki labarin ajiyata ta shekarun baya. Kin san ni komai a kaina yake. Muka zauna kina tambaya ina amsawa. Na ba ki shekarar da na riƙe albasa har 'yan Kudu suka zo ƙofar gida suna roƙona. Na ba ki shekarar da kowa ya sayar da wuri ni kaɗai na jira. Duk gaskiya ne. Amma akwai waɗanda ban ba ki ba. Shekarar da aka yaye ki na cika fadamarmu ta Sanyinna da takin yuriya, don in ga albasa ta yi kai kamar ƙoƙo. Ta kuwa yi, masu wucewa na tsayawa kallo. Damina ba ta raba ba rudun ya fara ɗigar baƙin ruwa. Na yi hayar amalanke aka kwashe aka zuba a kwazazzabo bayan gari, na roƙi masu amalanken su riƙe bakinsu, na shigo kasuwa na ce baƙi sun saye duka. Bayan wasu shekaru abin ya sake faruwa, na sake yin yadda na yi. Don haka na sani, kamar yadda na san sunana, albasar da ta sha yuriya da yawa wuyanta kauri yake yi, cikinta ya cika da ruwa, ba ta ajiyuwa. Amma ni mai sayar da yuriya ne, kuma ni na yi shekaru ina ce wa mutane su ƙara. Da kika ɗago kai kika ce, “Baba, ba ta taɓa lalace maka ba?” sai na gyara hula na ce, “Ni? Tambayi garin ga.” Kika sunkuya kika shigar a kwamfuta.

Wanda duk ya ba ki labarinsa babu faɗuwa ko ɗaya a ciki, ko dai bai yi tafiya ba, ko ya datse labarin. Ko ubanki ne, ki sake tambaya. Ke ma in kina ba da naki, ki haɗa da ruɓaɓɓen. Yanzu na gane a sana'arku ruɓaɓɓen ya fi mai kyau daraja, don da shi ɗalibin ke gane bambanci.

Kika ce nawa kaɗai bai isa ba, sai an ji na manoma da yawa. Kika nemi in bar ki ki je Fakku da ƙauyukan Kebbe, ki shiga gida-gida ki tambayi kowa shi kaɗai, har da mata, tunda su ke zaman tsince mai kyau daga cikin lalatacciya. Na ce ɗiyar Alhaji Arzika ba ta yawon gidaje da jaka a hammata kamar mai allurar rigakafi. Na ce ni zan tara miki su. Na kuwa tara. Ranar kasuwa na sa aka shimfiɗa tabarmi gaban shago, aka kawo shayi da goro. Ina bisa kujera, suna ƙasa, kina gefe da kwamfuta, kuma ni ke tambayar. Malam wane, takin da na ba ka bara, yaya albasar ta yi a rudu? To mi kike so ya ce? Shayina yake sha. Maƙwabcin gonarsa na kusa da shi, surukinsa na bayansa, bana ma wurina zai dawo neman taki. Mutumin ƙasarmu ba ya tona asararsa a bainar jama'a ko da ta kai shi ƙasa, balle a gaban wanda ya ba shi shawarar. Asara sirri ce tsakaninsa da Ubangijinsa da matarsa. Kowa ya ce an gode Allah, ta kai lafiya. 'Yan kaɗan da suka ce tasu ta lalace, masu takin shanu ne waɗanda ba sa saye wurina, su ba sa jin nauyina. Kin ga yadda labarin ya kife: masu yuriya duk sun tsira, marasa ita su ke asara.

A cikin taron akwai Malam Ɗantani na Fakku, abokina tun muna dako tare. Da layi ya zo kansa ya sunkuyar da kai yana juya goro a hannu, ya ce tasa ta kai. Na san ba ta kai ba. Na kau da ido na ce na gaba.

Ki riƙe wannan. Amsa ba ta zuwa ita kaɗai, tana zuwa da wanda ya yi tambayar, da inda aka yi ta, da wanda ke zaune kusa. Kada ki bar mai kaya ya yi miki tambaya a kan kayansa. Wanda kuma kike so ya gaya miki inda ke masa ciwo, ki same shi inda babu idon surukinsa.

Kika ɗora wa injin, ya yi ta aikinsa mu muna cin tuwo. Da ya gama, zakaran ɗaliban ya ci jarrabawa kusan babu kuskure. Ni har na miƙe tsaye. Ke kuwa kika yi cizon leɓe irin na kakarki, sannan kika ce, “Baba, wanga sakamako ya yi kyau da yawa. Albasa ba ta da biyayya haka.” Kika nuna mini cewa ya koyi wai yawan yuriya na taimakon ajiya, alhali abin da kika karanta ya ce akasin haka. Na tambaye ki ko littafin ya taɓa noma a Sanyinna. Kika ce a bar shi shekara guda yana hasashe a ɓoye, kada a gaya wa kowa, a ga ko abin da ya faɗa zai faru. Na ce tsoro ne irin na 'yan boko, ku yi ta gwaji har kasuwa ta tashi. A ranar ke ce mai gaskiya, kuma ni kaɗai a duniya na san haka, na danne ki da murya.

Duk da haka kin sa wata ƙofa: saƙo ba zai fita zuwa wayar manomi ba sai kin duba kin yarda. Da aka tura ki bautar ƙasa can inda sabis ɗin waya ke wuya, na matsa miki ki cire ta. Kika ƙi. Na daina amsa gaisuwarki har sai da mahaifiyarki ta sa baki, kika cire ta, idonki cike da ƙwalla. Kika sa mini abin a wayata cikin sauƙi. Manomi ya zo, in shigar da bayanin albasarsa, injin ya tura masa shawara. In wani ya kawo labarin ajiyarsa ta baya, in danna kore in ta kai, in danna ja in ta ruɓe, injin ya ƙara karatu da shi. A ƙasan kowane saƙo kuma, bisa umarnina, an rubuta: Shawarar Alhaji Arzika Mai Taki. Ban ce a sa naki ba.

Ni na koya miki biyayya ga iyaye, kuma ban janye ba. Ba laifinki ba ne, ni na tanƙwara ki. Amma gobe wani mai kujera zai ce ki cire ƙofa don a yi sauri, shi kuwa ba ubanki ba ne. Ki ce a'a, ki bar shi da fushinsa. Inji mai aiki da kansa alheri ne, ban ce ba. Sai dai ni makaniken ban-ruwa ne, ya kamata a ce na fi kowa sani: in ka tayar da inji ka tafi hira, bai san fangali ya cika ba, zai yi ta zuba har ya kashe shukar da aka kawo shi ya raya. Dole wani ya tsaya a bakin ruwa.

Yanzu ga mai nauyin. Bayan tafiyarki mutane suka fara zuwa ɗai-ɗai, in shago ba kowa sai su sassauta murya su faɗi gaskiya. Ɗantani da kansa ya zo, ya jira masu saye suka watse, ya ce, “Arzika, rannan nauyin jama'a na ji. Ta bara ruɓewa tay yi. Ka gyara wa yarinyar ga, kada ta yi aiki da ƙarya.” Na ce to. Na ɗauko waya na juya fuskarta wajena. Yatsana ya tsaya bisa jan. Sai na tuna ni na ce masa ya ƙara taki. Na tuna kina iya gani daga can, ki ga ja a jikin kayana, ki tuna yadda na gyara hula. Na danna kore. Ya yi mini godiya ya hau babur ɗinsa.

Ba shi kaɗai ba ne. Duk tsawon lokacin nan ban danna ja a kan wanda ya sayi taki wurina ba. Injin kuwa yana yin abin da kika gina shi ya yi, ba fashi ba gajiya. Ya ɗauki ƙaryata ya sake tara ɗalibansa, ya koya musu ita, ya zaɓi wanda ya fi iya ta. Kullum ƙara tabbata yake. Abin da zai ba ki mamaki, ni ma sai na fara yarda. Na ce watakila waccan ɓarnar tawa ƙaddara ce kawai, tunda ga kwamfuta ta faɗa. Na zama mutumin da ya ɗauko maroƙi da kansa, ya gaya masa kirarin da zai yi, sannan ya zauna yana mamakin asalinsa.

Bazara ta zo aka cire albasa. Saƙo ya yi ta fita zuwa Fakku: a ajiye, a ajiye. Shi Ɗantani mota na tsaye a bakin gonarsa, mai saye har ya kwance igiya, saƙon ya shigo. Ya sallami motar, ya ce Arzika da kwamfuta ba za su haɗu a kan kuskure ba. Kafin gero ya fitar da kai, in ka doshi Fakku hanci ke fara gaya maka labari. Ɗantani sai da ya sayar da shanun huɗarsa.

Ranar kasuwa mutanen Fakku suka zo shago. Ba su yi faɗa ba, da ma faɗan suka yi. Tsayawa kawai suka yi suna kallona. Wani direba mai bakin tsiya da ke gefe ya tambaya wai shawarar tawa ce ko ta waya. Nan na yi abin da ya hana ni haɗa ido da ke har yau. Na ce, “Ni mi na sani? Aikin yaran zamani ne. Injin Kulu ne.” Sunan da ban yarda a rubuta a ƙasan saƙo ba lokacin da ake yabo, shi na fara jefawa da aka zo zargi. Sunan mahaifiyata, a tsakiyar kasuwa. Kafin mako ya zagayo ya zama abin ba'a, ko tayar babur ce ta sace sai a ce injin Kulu. Kika dawo daga bautar ƙasa kika tarar da maganar tana jiran ki a tasha. Kika shigo kika durƙusa a gabana kika ce in yafe miki, kin zubar mini da mutunci. Na ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Na karɓi ban-haƙurinki, Uwata. Na karɓa na sa a aljihu na fita.

A kan wanga ba ni da nasiha. Wanda ya aikata haka ba shi da bakin wa'azi. Abin da zan iya cewa kawai, in Allah ya ɗaukaka ki kika samu na ƙasa da ke, ranar yabo ki raba, ranar zargi ki fara ɗiba.

Da mahaifiyarki ta gaya mini shawarar da kika yanke, na tsame hannuna daga tuwo. Ita ba ta san komai ba a lokacin, amma ta dube ni irin kallon da mace ke yi wa mijin da ta daɗe da shi, ta ɗauke kwanon. Na sayi bijimai na sa aka kai Fakku, na bi bayansu. Na sami Ɗantani a ƙofar gida yana gyaran igiya. Ya ce in mayar da su, albasa ta Allah ce, shi ya bayar shi ya karɓa. Sai na zauna a ƙasa kusa da shi na gaya masa abin da na danna rannan. Ya ajiye igiyar. Ya ce tun muna dako ya san ni da wannan hali, in buhu ya faɗo daga kaina sai in ce gammo ne bai zauna ba. Sannan ya ce, “Ni na yafe. Amma a kasuwa kab ɓata yarinyar ga, a kasuwa za ka wanke ta. In ka yi, aiko da shanun. Ba ƙoshi na yi ba.”

Jiya ranar kasuwa ce, kina gida kina haɗa kaya. Na je rumfar 'yan albasa na hau kan buhu, ni da furfurata. Na faɗi duka: kwazazzabon Sanyinna, shayin da na toshe bakinsu da shi, ƙofar da na sa kika cire, koren da na yi ta dannawa. Na ce injin bai yi ƙarya ba, ɗiyata ba ta yi kuskure ba, ta ma hango ramin ni na tura. Direban nan yana nan, ya ce to ashe injin Alhaji ne. Aka yi dariya. Na tsaya har aka gama, ban sauko ba. Wasu sun juya sun tafi, na san sun canza shago ke nan. Sai wani tsoho daga ƙasar Kebbe ya matso ya ce tasa ma ta ruɓe bara waccan, bai taɓa gaya wa kowa ba. Da ƙarfi ya faɗa, a gaban surukansa. Sai wani ya karɓa, sai wani. Tun da nake a kasuwar nan ban taɓa ganin maza na jera asararsu a fili kamar masu baje koli ba. Na ce kowa ya riƙe tasa da kyau, mai tambaya na nan zuwa.

Na so in rubuta miki cewa wannan ma ni kaɗai na yi shi ba wanda ya taya ni. Ba haka ba ne, Ɗantani ya kora ni kamar jaki. An kai masa shanunsa da safen nan. Na hana mutanen gida su gaya miki, don ina so ki ji daga hannuna tunda bakina ya kasa.

To ga abin da nika roƙo, kuma kin san roƙo ba sana'ata ba ce. Kada ki canza fannin nan. Aikinki ya yi daidai har ya wuce, don ya koyi ƙaryata fiye da yadda ni na iya ta. Abin da ya iya haka, in aka ba shi gaskiya zai amfani mutane. In kin zo hutu ki goge duk koren da na danna. Ki mayar da ƙofarki, kada ki ba ni mabuɗin ko na yi fushi. Ni zan tuƙa ki zuwa Fakku da kaina, in tsaya a gindin itace bayan gari, ki shiga gida-gida ke kaɗai. In kin gama da su ki zo kaina, in ba ki shekarun da na binne, ki sa musu ja. Ki bar injin ya yi shekararsa a ɓoye kamar yadda kika so tun farko. A ƙasan saƙo kuma sunanki za a sa.

Idan bayan duk wannan zuciyarki ta ƙi aikin, ba zan tilasta miki ba, na gama tilasta miki. Amma ki bar shi don ba ki so, ba don kina zaton ba ki iya ba. Ban-haƙurin da kika ba ni kuma ba nawa ba ne, ga shi na mayar miki. Ni ne mai nema.

Ki tsare sallarki. Ki ci abinci, kin rame. Ki riƙa kiran mahaifiyarki, ita ba ta iya ɓoye kewa irina. Allah ya sauke ku lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da malamai masu amana da abokan zama nagari, ya raba ki da halin ubanki na tsiya ya bar miki na kirkin, don akwai shi. Allah ya yi miki albarka duniya da lahira, ya dawo mana da ke lafiya.

Saura abu ɗaya, shi kuma umarni ne. Na ji a bayanin da kika rubuta wa malaman da za su karɓe ki, inda kika kawo labarin albasar Fakku, kin ce kuskuren mai gina injin ne. Ki goge. Kuma na san ki, za ki so ki rufa mini asiri ki rubuta wai wani ɗan kasuwa ne ya ba da bayanin da bai cika ba. Ban yarda ba. Ban taɓa zama wani ba. Gidana da shagona da rijiyata duk da sunana aka san su, wannan ma aikin yatsana ne, ba wanda ya riƙe mini waya, ba zan bari a ba wani ba. Ki rubuta sunana cikakke, da manyan baƙaƙe, inda duk ɗalibin da ya zo bayanki zai gani ya san cewa inji ba ya fin mai ba shi labari gaskiya. Ki rubuta yadda zan sa hannu a nan, kada ki rage ko harafi.

Wassalam. Mahaifinki,

Alhaji Arzika Mai Taki, ɗan Sanyinna, mazaunin Tambuwal, wanda ya danna kore.